Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma a wannan zamani namu, da zarar abu ya kwana biyu, ya ɗan yi gardama, sai ka ji an ce ai ya mutu, a kai shi bola. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin tsofaffin kwamfutoci 14 na makarantar nan, waɗanda saura ƙiris a ɗora su bisa sikeli a sayar kamar ruɓaɓɓen ƙarfe, da kuma irin faman da mu 'yan Kulob ɗin Kwamfuta muka sha da su zango guda cur. Ina fata duk wanda ya karanta zai ƙaru da wani abu, ko da bai taɓa riƙe sukuddireba ba tun da aka haife shi.

Waɗannan kwamfutoci wani ofishin masu zanen gine-gine ne ya ba makaranta kyauta, tun kafin mu shigo aji ɗaya. Manya ne na tebur, masu akwatin ƙarfe, waɗanda sai yara biyu sun kama kafin su ɗaga guda. An ƙera su ne domin injiniyoyi, su yi ta aiki dare da rana ba gajiya. Goma daga cikinsu suna ɗauke da tambarin Windows 7, wadda ta fito a 2009, sauran huɗun kuwa na Windows XP ne, wadda ta fito tun 2001. Ke nan goman nan sa'o'ina ne, huɗun kuwa sun isa in kira su yaya. Kafin a kawo su ofishin ya share duk abin da ke cikinsu, kuma daidai ya yi, gama ba a ba da kaya tare da asirin gida. Sai dai sharar ta haɗa har da babbar manhajar da ke tafiyar da su. Suka iso ga gangar jiki, ba rai. Aka gwada biyu ko uku suka ƙi, aka jibge su a sito bayan ɗakin gwaje-gwaje, ƙurar hunturu tana ta hawa kansu shekara bayan shekara.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa da tarkace? Abin damuwa shi ne jarrabawa. Tun daga 2015 kowa bisa kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, a darussa huɗu. Mu kuwa a nan da yawanmu daga ƙauye muka fito, ga shi kuma dokar makaranta ta hana ɗalibi riƙe waya. Akwai yayyenmu na SS 3 waɗanda in ka ba su lissafi a takarda sai su cinye shi ɗanye, amma ba su taɓa ɗora hannu bisa linzamin kwamfuta ba. Irin wannan ɗalibi in ya shiga ɗakin jarrabawa, rabin hankalinsa na ga tambaya, rabi na ga tsoron kada ya taɓa wani wuri kome ya ɓace. Kwamfutocin da ke aiki a makaranta a lokacin 6 ne kacal, 'yan SS 3 kuwa sun haura 200. Wanda ya iya rabawa sai ya raba ya gani.

A farkon zangon da ya wuce aka bukaci siton domin ajiye hatsin makaranta, har an kira mai sayen gwangwan ya zo ya yi wa kayan kuɗi. Malaminmu na kwamfuta ya tafi wurin shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni su zuwa ƙarshen zango. In ba su tashi ba, ni da kaina zan taya a loda su a mota." Shugaba ya ce, "Malam, na ba ka. Amma fa babu kuɗin sayen sabon abu, sai ɗan abin da ba a rasa ba." Bisa wannan sharaɗi muka kwaso su, mu takwas, muna haɗuwa kowace Asabar bayan duba tsabta, da kuma Laraba bayan la'asar.

Bari in ɗan yi bayani saboda iyayenmu da ƙannenmu na JS 1. Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarafa da wayoyi waɗanda hannu ke taɓawa, akwai kuma manhaja. Babbar manhaja ita ce kamar uwargida: ita ta san inda kome yake, ita ke raba aiki, kuma kowace ƙaramar manhaja ta hannunta take samun abin da take bukata. Sa'ad da ake ɗora ta, abin da take fara yi shi ne ta zagaya gidan ta yi ƙidaya. Ina rumbun ajiya? Ina fuska? Ina madannai? Ina kafar intanet? Duk abin da ta kira bai amsa ba, a wurinta babu shi. To, a nan gizo ke saƙar. Abu yakan ƙi amsawa don ya mutu, yakan ƙi don ba a haɗa shi daidai ba, yakan kuma amsa amma da harshen da ba ta ji. Aikinmu na zango guda bai wuce rarrabe waɗannan uku ba.

Malam ya ce ba za mu mayar musu da manhajar da suka saba da ita ba, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da XP tun 2014, da Windows 7 tun 2020, ita ma Windows 10 wa'adin kulawarta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, cikinsu har da wani ɗan abin tsaro mai suna TPM 2.0, wanda babu shi a zamanin da aka ƙera namu. Sai ya zaɓi Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 yana ɗan shekara 21. Kyauta ce, kuma ba ta ƙyamar tsofaffi. Linux iri-iri ce. Wadda muka ɗauka ita ce Debian, wadda aka kafa a 1993.

Kafin mu taɓa kome Malam ya kafa mana dokoki. Ta farko, a zare waya daga bango kafin a buɗe akwati, sa'an nan a dafa ƙarfen akwatin da hannu, domin ɗan tartsatsin nan da ke fita daga bargo da daren hunturu ya isa ya ƙone wani abu a ciki. Ta biyu, ba mai buɗe ƙaramin akwatin wuta da ke can kusurwa, gama yana riƙe wuta ko bayan an zare waya. Ta uku, kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya, don in ta tashi a san wanne ya tashe ta. Ta huɗu, a rubuta. Muka sami littafi, muka ba kowace kwamfuta lamba da shafinta, goman daga 1 zuwa 10, tsofaffin daga 11 zuwa 14. Ni aka ba riƙon littafin.

Asabar ta farko shara kawai muka yi. Da buroshin fenti da famfon keke muka fitar da ƙura, da saƙar gizo, har da gidan zanzaro a cikin lamba 6. Da muka kunna su, biyar suka nuna rubutu a fuska, shida suka kama kuka "tit, tit, tit" kamar 'yan tsaki, uku kuwa ko motsi. Malam ya ce kukan nan abin murna ne. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS da ke zaune a jikin babban allon ciki tun daga masana'anta. Ita ke fara farkawa, ta duba lafiyar gida kafin ta miƙa wa uwargida. In ta sami matsala tun ba ta kai ga iya rubutu a fuska ba, sai ta faɗa da kuka, kuma kowane kamfani yana da yadda yake ƙidaya kukansa. Mai kuka dai yana da rai.

Masu kukan nan ram ne ke damunsu, watau 'yan dogayen sandunan da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin. Muka zare su, muka goge haƙoransu masu ruwan zinariya da robar goge fensir, muka hure ramukan, muka mayar har sai da maƙallan gefe suka ce "ƙas". Nan take biyar suka yi shiru suka nuna rubutu. Ta shidan sai da muka riƙa sa mata sanda ɗaya-ɗaya kafin muka gano guda ɗaya ce ta lalace cikin huɗu, kuma ita kaɗai ta hana sauran aiki. Abin lura a nan shi ne ram iri-iri ne. Na goman nan DDR3 ne, mai haƙora 240, kuma akwai wata tsaga a tsakanin haƙoran wadda ba wuri ɗaya take da ta tsofaffin ba. An yi haka da gangan ne don kada a sa wani a ramin wani. In ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake so ba.

Ukun da suka yi shiru duk cikin tsofaffin suke. A lamba 12 da 14 mun tarar da wasu 'yan gwangwanaye a jikin allon sun kumbura, wasu har sun yi aman wani abu ruwan ƙasa. Waɗannan kam sun riga mu gidan gaskiya. Lamba 13 kuwa allonta lafiya lau, akwatin wutarta ne ya mutu. Muka ciro na lamba 14 muka sa mata, ta tashi.

Mahaifina gyaran rediyo yake yi a kasuwar garinmu, kuma a shagonsa nake wuni lokacin hutu. In an kawo masa rediyo ba ya fara kwance ta, batir yake fara dubawa. Yakan ce mini, "Ɗana, fara da mai araha." Wannan karatu ya yi mana rana a mako na uku. Duk abin da muka saita a BIOS, da zarar an ɗauke wuta sai kwamfutocin su manta, agogonsu kuma ya koma shekarun baya can. Na ce, "Malam, ko akwai batir a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan mai rediyo, nemo shi." Na kuwa same shi, ɗan fili kamar kwabo, an rubuta masa CR2032. Sunan ma awo ne: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saiti sa'ad da babu wuta, kuma na dukansu sun daɗe da ƙarewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kwamfutar da agogonta ya ɓace ko shafukan intanet masu tsaro ƙin buɗe mata suke yi, gama sai ta ga takardun shaidarsu ba su dace da kwanan watanta ba. Malam ya sayo guda 12 wurin mai gyaran agogo, kuma wannan ne kusan duk kuɗin da makaranta ta kashe.

Daga nan sai maganar filash ɗin da Malam ya zuba Debian a ciki. Muka soka shi, kwamfutocin suka wuce shi kamar ba su san da shi ba. Dalili kuwa, BIOS tana da jerin wuraren da take leƙawa bi da bi don neman uwargida, kuma a jerin nan rumbu ne a gaba, filash a can baya ko ma ba ya ciki. Muka shiga saiti muka dawo da shi gaba. Wasu kuma kafofin gaba ne suka lalace da yawan soke-soke, muka koma na baya, waɗanda ke manne da allon kai tsaye. Tsofaffin biyu, 11 da 13, suka ce su ba su san wannan zance ba sam, sai muka ƙona musu faifan DVD. Su ne kuma suka ƙi Debian 13 ta 2025, saboda ƙwaƙwalwarsu mai bit 32 ce, ita kuwa ta daina fitar da faifan ɗorawa domin irinsu. Muka koma musu ga Debian 12 ta 2023, suka karɓa.

Sai babbar gardama, wadda ta ci mana Asabar uku. Mun shiga aikin ɗorawa lafiya, mun zaɓi harshe, mun zaɓi ƙasa, da aka zo wurin zaɓen rumbun ajiya, watau faifan da kome zai zauna a ciki, sai biyar daga cikin goman suka ce ba su ga rumbu ba. Ga shi kuwa muna kallonsa da idonmu, a ɗaure da sukurori huɗu. Wani ɗan ajinmu ya ce, "Malam, shi ke nan, rumbunan sun mutu, mai gwangwan ya ci." Malam ya ce, "Ta ce maka ya mutu? Cewa ta yi ba ta gan shi ba. Kai in ka je gidan mutum ka yi sallama ba a amsa ba, sai ka tafi ka tara mutane jana'iza?"

Ga hanyar da ya koya mana, kuma ina roƙon kowa ya riƙe ta. Da farko a tambayi BIOS. In ta kawo sunan rumbun da girmansa, to yana da rai, wayoyinsa ma lafiya, matsalar tana tsakaninsa da babbar manhaja. In ita ma ba ta gan shi ba, sai a sauka ƙasa. A ɗora yatsa a bayansa sa'ad da aka kunna, a ji ko yana juyawa. Sa'an nan a duba wayoyinsa biyu, siririya mai ɗaukar saƙo da mai faɗi mai kawo wuta.

Da muka bi wannan hanya sai kowace ta faɗi ciwonta, kuma ba biyu da suka zo da ciwo iri ɗaya sai 5 da 9. A lamba 3 siririyar wayar ce bakinta ya tsage, tana zaune a ramin amma ba ta kama ba. Muka canja ta, rumbu ya bayyana. A lamba 7 kome lafiya, sai dai kafar da aka soka rumbun an rufe ta daga cikin BIOS, domin irin waɗannan kwamfutoci na ofis ana iya kulle kowace kafa ita kaɗai. Danna maɓalli ɗaya ya warware abin da ya ajiye ta shekaru a sito.

Lamba 5 da 9 su suka fi ba mu ilmi. Rumbunansu ba a jikin babban allo aka soka su ba, a jikin wani kati ne na dabam. Masu zanen gine-gine ba sa wasa da aikinsu, saboda haka sukan haɗa rumbuna da yawa su zama tamkar guda, yadda in ɗaya ya mutu zanen ba zai salwanta ba. Wannan tsari shi ake kira RAID, katin nan kuwa shi ne wakilinsu. Ba ya nuna wa uwargida rumbu ɗai-ɗai, sai ƙungiyar da aka gabatar masa. To, da za a ba da kyautar an cire sauran rumbunan an bar guda guda. Katin ya duba ya ga ƙungiyarsa ta watse, sai ya yi gum. Muka zare wayar daga jikinsa muka soka ta a kafar SATA ta babban allo, muka shiga BIOS muka sa kafar ta yi magana da harshen da ake kira AHCI. Rumbunan suka fito sarai.

Wannan magana ta harshe ita ce zuciyar al'amarin. Kowace na'ura a cikin kwamfuta tana da yadda take magana, kuma babbar manhaja tana bukatar wata 'yar manhaja da za ta tsaya tsakaninsu. Masu gyara suna kiranta direba, amma ni a ganina tafinta ya fi dacewa da ita, gama ba tuƙi take yi ba, fassara take yi. Malam ya ba mu labari cewa a zamaninsu faifan Windows XP bai zo da tafintan AHCI ba, saboda ya riga shi zuwa duniya. Sai mutum ya danna F6 a farkon aiki, ya kawo tafintan a cikin ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu na da, in ba haka ba a ce masa babu rumbu. Watau wani lokaci na'ura ce ta tsufa ga manhaja, wani lokaci kuma manhajar ce ta tsufa ga na'ura, alhali kowannensu lafiyarsa ƙalau.

Lamba 10 kuwa, da muka kasa kunne sai muka ji rumbunta yana "ƙwas, ƙwas, ƙwas", ya yi shiru, ya sake. Muka kai shi wata kwamfutar, haka. Muka kawo mai lafiya muka sa a gurbinsa, ta gan shi nan da nan. Da shaidu biyu suka tabbata, Malam ya dubi ɗan ajin namu ya ce, "To, yanzu kana iya kiran jana'iza."

Ita ma lamba 11 ta ɓoye rumbunta, amma nata dalilin na mutanen da ne. Waya mai faɗi kamar ɗamara gare ta, mai ramuka 40, kuma na'ura biyu ke raba waya ɗaya. A bayan kowace akwai ɗan maƙalli ƙanƙane da ke nuna wace ce maigida, wace ce yaronsa. Na'urar DVD da muka ciro daga lamba 12 ta zo a matsayin maigida, rumbun shi ma maigida. Gida mai maigida biyu kuwa, in an yi sallama ba a san mai amsawa ba. Muka matsar da maƙallin guda, zaman lafiya ya samu.

Bayan an gama ɗorawa, lamba 2 da 8 suka zo da sabon salo. Sai su fara tashi, rubutu ya gudana, sa'an nan fuska ta yi baƙi ƙirin, fanka kuwa na ta juyawa. Malam ya ce a danna maɓallin manyan baƙaƙe a dubi 'yar fitilarsa. Muka danna ta kama, muka sake ta mutu. Ya ce to kwamfutar tana ji, tana kuma amsawa, katin hoto ne suka sami saɓani da tafintansa. A jerin zaɓin da ke fitowa da farko muka danna harafin e, muka ƙara kalma ɗaya, nomodeset, wadda ke cewa a bar katin yadda BIOS ta saita shi. Hoto ya dawo. Rubutunsu ya ɗan fi na sauran girma har yau, amma masu zama a kansu ba su taɓa kuka ba, wasu ma sun fi son su.

Gardama ta ƙarshe ta lamba 1 ce. Ita kaɗai ke da katin kama intanet ta iska, kuma da ita muka yi niyyar ɗauko tambayoyin gwaji mu rarraba wa sauran ta waya. Debian ta ce ba ta da abin da za ta tashe shi da shi. Malam ya koya mana umarnin lspci, wanda in ka ƙara masa -nn yake jero duk katunan da ke ciki, kowanne da lambobinsa biyu, ta kamfanin da ya ƙera shi da ta irinsa. Ko tafinta bai zo ba, na'ura tana iya faɗin sunanta. Misali duk inda ka ga 8086 to na Intel ne, lambar da ta yi daidai da sunan wata ƙwaƙwalwar kwamfuta da suka fitar a 1978. Da lambobin katin muka gano abin da yake nema. Tun daga Debian 12 yawancin irin waɗannan 'yan manhajoji suna zuwa a cikin faifan ɗorawa, amma na wannan kati sai an sauko da shi daga intanet. Ka ji makulli a cikin ɗaki, ɗaki kuma a kulle! Malam ya fito da wayarsa, ya haɗa ta da kwamfutar da igiyar caji, ya kunna rabon intanet. Debian ta ɗauki wayar a matsayin kati, muka sauko da abin da ake bukata cikin minti kaɗan, katin ya farka.

A mako na goma shugaban makaranta ya zo da kansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, ya karɓi littafinmu ya karanta shafi biyu, ya ce, "Malam, Allah ya yi albarka. Samari, kun kyauta." Cikin 14, guda 11 suna aiki, ɗaya tana jiran rumbu, biyu kuwa sun zama wurin ciro kayan gyara. Kwamfutocin makaranta suka tashi daga 6 zuwa 17. Yanzu 'yan SS 3 suna shiga rukuni-rukuni da yamma. Na ga wani yayanmu, gwanin lissafin makarantar nan, ranar farko ya kama linzami da hannu biyu yana zufa. Aka nuna masa cewa a jarrabawar yana iya zaɓen amsa da A, B, C ko D a madannai, ya ci gaba da N, ya koma baya da P. Bayan mako uku shi ke koya wa wasu.

Abin da na ƙaru da shi ya wuce na ƙarfe da waya. Cikin 14 nan, biyu rak ne suka mutu da gaske, amma hukunci ɗaya aka yanke wa dukansu, saboda duk sun yi shiru sa'ad da aka kira su. Haka nake gani a tsakaninmu. Yaro yakan zo JS 1 daga makarantar ƙauye, a yi masa tambaya da Turanci ya sunkuyar da kai, kafin zango ya ƙare an sa masa suna daƙiƙi. Da wani babba zai zauna da shi a lokacin firef ya fassara masa tambayar, da an sha mamaki. Ya ku 'yan'uwana manyan ɗalibai, mu zama tafintocin ƙannenmu kafin mu yi musu dariya.

Ga iyayenmu da tsofaffin ɗalibai kuma, muna da 'yar bara. Ba sababbin kwamfutoci muke roƙo ba, ko da yake in sun samu ba za mu ƙi ba. Rumbu ɗaya irin na SATA zai tashi lamba 10. Muna bukatar sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta shi ke kashe akwatunan wuta, da kuma yadi da za a ɗinka musu riguna saboda ƙura. Wanda kuma yake aiki a ofishin da za a zubar da tsofaffi, ya tuna da mu. A share asirin ofis tsaf, amma a bar mana rumbun da wayoyinsa da ram ɗinsa a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe ina miƙa godiya ga Malaminmu, wanda ya sadaukar da Asabar ɗinsa har da datar wayarsa, da shugaban makaranta da ya ba mu dama, da abokan aikina bakwai. Littafin gyaran yana nan a ɗakin kwamfuta, da sauran shafuka da ba a rubuta kome ba, kuma ƙofar kulob a buɗe take ga duk mai sha'awa, ko ɗan aji nawa ne. Allah ya ba yayyenmu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka koya ya amfane mu da ƙasarmu baki ɗaya, amin.